Yadda ake shirya hitar ɗamara a kwali ta isa lafiya

Masu fara sayar da kayan injin roba kusan kuskure ɗaya suke yi da hitar ɗamara, wato wadda ake ɗaura wa bututun injin narka roba. Suna ganin jikinta ƙarfe ne, sai su ɗauka duk yadda aka jefa ta a kwali za ta isa. Alhali ƙarfen nan ɓawo ne kawai, siriri. A ƙarƙashinsa akwai wayar nikirom, wadda ke yin zafi in wuta ta bi ta, ko dai an naɗe ta a kan faifan maika (ma'adini ne mai jure zafi, wuta ba ta ratsa shi), ko an zura ta cikin ƙananan tubalan tangaran. Abin takaicin shi ne ɓarnar hanya ba ta nunawa ranar da aka buɗe kwali. Mai saye zai ɗaura ta, ta yi zafi yadda ya kamata, bayan 'yan kwanaki ta ƙone, sai a ce kayanka ba su da kyau.

Kafin ka taɓa kwali, ka fara gwada kowace hita. Ɗauko mita ka auna om, wato yadda wayar ke turje wa wuta, tsakanin taminal biyu, wato wuraren da ake haɗa mata wayar wuta. Lissafin ba wuya: ninka ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinta da kansa, ka raba da yawan wat. Hita mai 240V da 1000W za ta ba ka kusan om 57.6, kuma ɗan bambanci sama ko ƙasa ba laifi ba ne. Sannan ka gwada tsakanin taminal da ɓawon ƙarfen da na'urar gwajin insuleshan, wadda ke nuna ko wuta na zurarewa zuwa ɓawon, a kan 500V. In ka ga ƙasa da megom 1, wato om miliyan ɗaya, yawanci danshi ne ya shige ta. Kada ka rufe ta haka. Saka ta a oban mai zafin kusan digiri 120 a ma'aunin Salsiyos na wasu awowi, ka sake gwadawa. Rubuta sakamakon a takarda, ka ɗauki hoto. Ranar da gardama ta taso, wannan takarda ce za ta raba ku.

Yanzu mu zo kan matakin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda kuma shi ne aka fi tsallakewa: kare zagayen hitar. Hitar maika tana aiki ne ta hanyar mannewa da bututu tsaf, ba rata. Zafin da wayar ke yi sai ya samu ƙarfen da zai sha shi nan take. In wani abu ya danne ta a hanya ta zama kamar ƙwai a siffa, ko cikinta ya lotsa ko da na faɗin ɗan yatsa ne, wajen ba zai ƙara kwanciya a jikin bututu ba. Iska ta shiga tsakani ke nan, zafi ya taru a wannan gurbi, wayar ta cinye kanta. Kuma kada wani ya ce ai za a miƙe ta da hannu ko da guduma. Faifan maikan da ke ciki ba ya son lanƙwasawa da miƙewa, yana tsagewa, kuma ba ka ganin tsagar.

Maganin shi ne ka sa mata abin da zai riƙe ta daga ciki. Nemi bututun kwali mai kauri, irin wanda ake naɗe leda ko takarda a kai, wanda faɗinsa ya yi daidai da cikin hitar. In bai cika ba, naɗa masa kwali har ya cika. Ga manyan hitoci, yanka faifan soso mai tauri ko na katako mai zagaye, ka sa a baki biyu. Zura hitar ta kan bututun daga ƙarshe, kada ka buɗe bakinta don ta shiga. Hitar maika mai yanki ɗaya ba a yi ta don a wangale ta ba, kuma ko wadda aka yi don buɗewa, ka bar wa mai saye ya buɗe ta ranar ɗaurawa. Bayan ta zauna, ɗaure sukurun maƙallinta da hannu kawai, har ta daina motsi. Ba a buƙatar sifana a nan.

Akwai wata dabara da ke ruɗar sabbin shiga: zura ƙaramar hita cikin babba, ita ma cikin wadda ta fi ta, don a rage girman kwali da kuɗin aikawa. A ido abin yana da kyau. Amma taminal da maƙallin ƙaramar suna fuskantar cikin babbar ne, kuma duk gargadar da mota ta shiga sai sun buge shi. Abin da ka rage a kuɗin kwali bai kai rabin kuɗin hita ɗaya ba. Ni dai ban yarda da shi ba sam, ko da an sa soso a tsakani.

Hitar tangaran ta fi haƙuri da lanƙwasawa, amma nata ciwon daban ne. Tubalan suna a fili ta ciki, kuma suna ɓarewa in sun gogi juna ko wani ƙarfe. Ita ma a sa mata abin riƙewa, amma a lulluɓe shi da takarda mai laushi tukuna. Kuma ta fi ta maika nauyi sosai, don haka kada a taɓa ɗora ta a kan ta maika cikin kwali ɗaya.

Wani abu kuma: kada salatif ya taɓa jikin hita, musamman cikinta. Danƙon da ya bari, ko ɗigon mai, ko guntun leda, duk suna ƙonewa su zama gawayi da zarar ta ɗauki zafi, gawayi kuwa yana wuce da wuta. In ya samu hanya zuwa taminal ko gefen maikan, sai ta yi shot. Don haka kada ka shafa mata mai da sunan hana tsatsa. Takarda mai tsabta ita ce za ta fara taɓa ta, salatif ya hau kan takardar.

Sai taminal. Nan ne wuri mafi rauni, domin ya fito waje, kuma shi ne ke fara karɓar bugu. In na sukuru ne mai hular tangaran, cire hulunan ka sa su a ƙaramar leda daban tare da noti da washa, ka ɗaure ledar a jikin bututun kwalin don kada ta ɓata. Kan sukurun kuwa, yanka guntun soso ka huda shi ka rufa masa. In hitar mai waya ce, kada ka lanƙwasa wayar daga gindinta inda ta fito. Bar ta ta miƙe na kamar santimita 5, sannan ka naɗe sauran da faɗi, ka ɗaure da igiya mai laushi. Kada a ɗaga hita ta wayarta, ko sau ɗaya. Ka gaya wa yaran shago wannan da babbar murya, domin hannu yana saurin kai wa waya.

Daga nan ka sa kowace hita a leda mai kauri tare da ƙunshin silika jel, wato ƙwayoyin nan masu shanye danshi, ka matse iskar, ka rufe bakin ledar ruf. Maika yana shan danshi, garin magnisiyam oksaid da ke cikin wasu hitocin kuwa ya fi shi sha. In ta ruwa kayan za su bi, ƙara yawan silikan, domin kwantena tana yin zufa daga rufinta idan zafin rana da sanyin dare suka riƙa musaya. Kada ka yi amfani da tsohon silikan da ya daɗe a buɗe, ya riga ya ƙoshi.

Kwali ya zama mai bango biyu, sabo. Tsohon kwali ya riga ya saki, ko da ka ga bai yage ba. Bar ratar aƙalla santimita 5 tsakanin hita da kowane bango, har sama da ƙasa, ka cike ta da soso mai tauri. Ƙananan ƙwayoyin soson nan masu zuba ba su dace ba, domin abu mai nauyi yana nutsewa cikinsu har ya kai ƙasan kwali. Kwantar da hita a kan bakinta, yadda zagayen yake kallon sama, taminal kuma ya fuskanci tsakiyar kwali, ba bango ba. Tsakanin kowace hita da 'yar'uwarta a sa shingen kwali, tsakanin hawa da hawa kuma a shimfiɗa faifai mai kauri. Rufe, ka ɗaga ka girgiza. In ka ji wani abu ya motsa, buɗe ka ƙara soso. Kada ka ce ɗan motsi ne.

Liƙe kwalin da salatif mai faɗi a tsakiya da gefe biyu, sama da ƙasa. Idan nauyin ya fi abin da mutum ɗaya zai ɗauka cikin sauƙi, raba shi biyu ko ka koma akwatin katako, domin kwali mai nauyi jefa shi ake yi. Katakon da zai tsallaka iyakar ƙasa, a mafi yawan ƙasashe dole ya ɗauki hatimin ISPM 15, shaidar cewa an yi masa maganin ƙwari, galibi ta hanyar gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30. In babu hatimin, ana iya tsare kayan a tasha. A jikin kowace leda rubuta ƙarfin wuta, wat, faɗin ciki da faɗin ɗamarar, don kada mai saye ya yi ta fasa ledoji yana neman wadda yake so. Takardar gwajin ta shiga ciki, kwafin adireshi ma haka, a waje kuma a sa alamar sama da ta kada ruwa ya taɓa.