Darasi na 7: Wankin randa, jarka da dispensa

Kafin mu fara karatun yau, kowa ya tuna randar gidansa. In kun koma ku wanke hannu, ku zura yatsa ku shafa cikinta ta gefe. Kun ji wani santsi-santsi kamar yauƙin kuɓewa? Toh wannan santsin shi ne gidan ƙwayoyin cuta, a nan suke maƙalewa suna hayayyafa, kuma ido ba ya ganinsu. Shi ya sa za ka ga an ɗebo ruwa garau daga bohol amma yara na ta gudawa, ana ta zargin mai ruwa alhali matsalar na cikin mazubi. Kwalara da taifod duk ta ruwa da abinci suke shiga ciki.

Randa dai a juye ruwan da ya kwana, kar a riƙa ƙara sabo a kan tsoho wata da watanni. A sa soso na musamman wanda ba a wanke-wanke da shi, a dirje har gindi, a ɗauraye, a kife ta a rana ta bushe. Moda kuma, nan ne ake yawan yin sakaci, yaro ya sha ya yar a ƙasa, wani ya ɗauka ya tsoma har da hannunsa. A samu mai dogon hannu a rataye a ƙusa, a rufe randa da murfi.

Jarka ta fi wuya tunda hannu ba ya shiga, in ka haska tocila sai ka ga gansakuka kore shar a kusurwa. A zuba ruwa lita 1 da ƙaramin cokali 1 na bilic, irin su Hypo ko Jik amma mara ƙamshi, a rufe a jijjiga sosai ya taɓa ko'ina, a bari kamar minti 5, a zubar, sannan a ɗauraye sau 2 ko 3 har warin ya tafi.

Masu dispensa kar ku ce ai naku ruwan kamfani ne, ita ma tana yin santsin nan, musamman a bakin famfo inda yara ke taɓawa da kuma tiren da ruwa ke ɗiga. A fara cire ta daga wuta tukuna, a sauke gorar, a tsiyaye sauran ruwa, a zuba wancan haɗin a tankin sanyi, bayan minti 5 a sake shi ta famfo, a bi da ruwa mai kyau har sai an daina jin wari. Duk wata 3 ya isa, amma wuyan sabuwar gora a goge shi duk lokacin da za a ɗora, don ta sha ƙura a bayan mota. Dan Allah kar a haɗa bilic da maganin wankin masai, hayaƙin da yake tashi guba ne.

Shi kansa ruwan, alif laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe cuta. A tafasa shi, ko a sa maganin tsaftace ruwa irin su WaterGuard ko Aquatabs yadda aka rubuta a jikinsu, a jira minti 30 kafin a sha.

Aikin gida: kowa ya rubuta ranar da ya wanke randarsa a littafinsa, ya zo da shi ranar Asabar mu karanta tare.