Yadda Shugaban Ma'aikata Zai Tafiyar da Soyayya Tsakanin Ma'aikatansa

Haramta soyayya a wurin aiki ba ya hana ta aukuwa, sai dai ya sa masoyan su ɓoye ta, abin da aka ɓoye kuwa ya fi wuyar gyarawa. Matakin farko shi ne a rubuta ƙa'ida a fili wadda ta wajabta wa ma'aikatan biyu sanar da sashen kula da ma'aikata, shi kuma sashen ya riƙe sirrinsu.

Lamarin ya fi nauyi idan ɗaya yana ƙarƙashin ɗayan, domin na ƙasa zai iya kasa cewa a'a saboda tsoron rasa aikinsa, sauran ma'aikata kuma za su riƙa zargin son kai ko da babu shi. A nan dole ne a sauya wa na ƙasan shugaba nan take, a kuma cire hannun na saman daga duk shawarar da ta shafi albashinsa, ƙarin girmansa ko auna ƙwazonsa. A ganina zalunci ne a mayar da na ƙasan wani sashe maras daraja don a huta da magana. Ƙa'idar ta hau kan kowa: a shekarar 2019 kamfanin McDonald's ya sallami shugabansa, Steve Easterbrook, kan alaƙa da wata ma'aikaciya wadda ta saɓa wa dokar kamfanin.

Wajen auna aiki, a dubi zuwa a kan lokaci da kammala abin da aka ɗora wa mutum, kada a ɗauki tsegumi hujja. Idan suka rabu kuma ɗaya ya ci gaba da matsa wa ɗayan, a binciki koken a matsayin cin zarafi.