Yadda ake cire tsohuwar hidimar Cinder ba tare da ɓarna ba

A ofishinmu da ke Ikeja mun kwance wata sabar ajiya tun bara, amma sunanta ya ƙi barin jerin hidimomin Cinder, wato sashen ajiyar faifai na OpenStack, manhajar da ake sarrafa sabobin girgije da ita. Ga yadda na cire shi.

Fara da `openstack volume service list`. Ganin an rubuta down kada ya sa ka gaggawa. Cinder kan ɗauka hidima ta faɗi idan ta yi daƙiƙa 60 shiru, kuma a Legas ɗauke wuta kafin janareta ya tashi ya isa ya jawo haka. Agogon saba in ya kauce, shi ma haka. Duba lokacin da ta yi motsin ƙarshe, ka kuma tambayi wanda ya zare wayoyinta.

In ka tabbatar ba ta aiki, sai ka kwafe rumbun bayanan Cinder da `mysqldump`, ka ajiye a wani inji daban.

Wurin da ya fi damuna shi ne faifan mutane, wato volumes da aka ƙirƙira a tsohuwar sabar. `openstack volume show` zai nuna maka sabar da kowane ke kai. In akwai masu ɗauke da tsohon suna, kuma sabuwar saba ce ke riƙe da ma'ajiyar, mayar da su da `cinder-manage volume update_host`. In ka tsallake, sun zama marayu: ba za a iya faɗaɗa su ko goge su ba.

Yanzu buga `cinder-manage service remove cinder-volume tsoho@lvm`, da sunan yadda yake a jerin. Don Allah kada ka shiga teburin rumbun bayanan ka goge da hannu.

Sake duba jerin. In sunan ya dawo, hidimar na kunne a wani wuri.