Mai neman asalin kakanninsa, ga ta inda zai fara

Salam 'yan uwa. Duk mai son sanin tushen gidansu kar ya fara da zuwa meri, wato ofishin magajin gari, neman takardu, ya fara da tsofaffin mata. Ni gwaggona na zauna da ita a Garwa, nan ƙasar Kamaru, na kunna rikoda a waya, na kai mata goro. Sai dai fa ba za ta faɗi sunan mijinta ba saboda alkunya, "malam" kawai take cewa, dole na tambayi ƙaninta.

Ku tambayi tsagar fuska da sana'ar gida da garin da aka taso, don Hausawan nan da yawa fatauci ya kawo su, wasu hanyar Makka, wasu kuma hijira bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903.

Sannan ku buɗe gafakar kaka, malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a gefen takarda. Takardar haihuwa kam ku yi hattara, a rubutun Faransanci Umaru ya koma Oumarou, shekara kuma "né vers" ce, wato "an haife shi wajen shekara kaza", ƙiyasi ne kawai. In kun maƙale, ku je gaisuwa gidan Sarkin Hausawa, dattawan fada sun san wa ya haifi wa.