Yadda ake nutsar da tsiron bakin ruwa a tankin kifi ba tare da an yi asararsa ba

Yawancin tsirran da ake sayarwa don tankin gilashi na kifin ado ba a ƙarƙashin ruwa aka raine su ba. Anubias, Cryptocoryne, Echinodorus, Java fern, Ludwigia, duk tsirran bakin rafi ne da fadama: ruwa ya cika ya shanye su, ya janye su fito sarari. Masu renonsu sun san haka, shi ya sa suke barin saiwa a ruwa, ganye a iska, domin a haka tsiron ya fi saurin girma, gansakuka ba ta kama shi, kuma ya fi jure zaman leda. Kai kuma ka saya, ka nutsar da shi gaba ɗaya. Bayan mako guda ganye ya fara laushi, sai ka ce an cuce ka. Na ga mutane da dama sun tuge tsiro da ransa sun jefa a shara a daidai wannan gaɓar. Ni ma na yi.

Kafin komai, ka tabbatar abin da ke hannunka zai iya zaman ruwa. Akwai tsirran da ake jerawa a cikin tankin sayarwa don kawai suna da kyau, alhali ba su da hanyar rayuwa a nutse. Dracaena sanderiana, wadda ake kira lucky bamboo, tana cikinsu. Haka Spathiphyllum da Fittonia da Ophiopogon. Waɗannan za su yi wata biyu ko uku suna yaudararka da kore, daga nan su ruɓe su ɓata maka ruwa. In kana son su, bar saiwarsu a ruwa, ganyen a sama. Ni dai ba na sayen tsiron da mai shi bai san sunansa na kimiyya ba, kuma duk ganyen da na ga yana da ratsin fari kamar furen tukunya, sai na bincika kafin in taɓa aljihu.

Ga mai farawa, Anubias barteri da Java fern da Cryptocoryne wendtii sun isa. Kada ka fara da tsirran nan masu jan ganye masu ɗaukar ido, suna son haske mai ƙarfi da ƙarin iskar CO2, wadda tsiro ke haɗa abincinsa da ita, kuɗinka ne zai tafi.

Da ka kawo tsiron, cire shi daga 'yar tukunyar roba. Za ka ga saiwar a naɗe cikin wani abu mai kama da auduga. Ɓare shi a hankali cikin roba mai ruwa, ka tsince ragowar da hantsaki. Idan irin wanda ake sayarwa a rufaffen kofi ne, wanke wannan abu mai santsi da ke gindinsa tas. Duba bayan ganye ko akwai ƙwan dodon koɗi, yana nan kamar ɗigon majina, ka goge shi da yatsa. Rage tsawon saiwa da almakashi ya dawo santimita 2 zuwa 3, doguwar saiwa lanƙwashewa take yi a yashi ta ruɓe. Duk ganyen da ya karye ko ya yi rawaya, yanke shi tun yanzu.

Dasawa kuwa kowane da tasa hanya, kuma a nan ake kashe Anubias. Shi da Java fern da Bucephalandra suna da wani kwantaccen kara mai kauri, ganye na fita ta samansa, saiwa ta ƙasansa. Wannan karan ba a binne shi. Ka binne shi, ya ruɓe, magana ta ƙare. Ɗaure shi da zare a jikin dutse ko itace, ko ka ɗiga masa super glue mai kauri kaɗan ka manna. Ni gam na fi so, zare yana kwancewa kafin saiwa ta kama. Cryptocoryne da Echinodorus su ake dasawa a ƙasa: tura saiwar ciki, sannan ka ɗan jawo tsiron sama har wuyansa, inda ganye ya haɗu da saiwa, ya zo daidai da fuskar yashi. Kaurin yashi ko tsakuwa ya kai santimita 5. Masu dogon kara irin Ludwigia da Bacopa, cire ganyen ƙasa, ka dasa su ɗai-ɗai da 'yar tazara. Kada ka cusa su a dunƙule yadda aka ɗaure maka su, na tsakiya ba za su sami haske ba.

To, yanzu ga wurin da ake faɗuwa.

Ganyen da ya tsiro a iska na iska ne. Yana da kauri, da wata fata mai kamar kakin zuma da ke hana shi bushewa, da ƙananan ƙofofi da yake shaƙar iskar CO2 ta cikinsu. A ƙarƙashin ruwa waɗannan ƙofofi ba su da amfani, fatar kuma ta zama katanga. Ga shi CO2 tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da saurinta a iska. Wato ganyen nan yana cin abinci a gidan amma ba ya kawo komai. Sai tsiron ya janye abin da ke cikinsa, ya sake shi, ya fitar da sabo siriri mai laushi wanda ke shan abin da yake buƙata kai tsaye daga ruwa. Abin da masu tanki ke kira narkewa ke nan. Ganyen da ka biya kuɗi dominsa ba naka ba ne, saiwa ka saya.

Cryptocoryne ya fi kowa yin wannan. Nawa na farko, kwana biyar da dasawa na ga ramuka a ganyen kamar an ɗiga masa ruwan zafi. Kwana tara, ganyen ya zama kamar jiƙaƙƙiyar takarda, ana hango hasken fitila ta cikinsa, in na taɓa sai ya watse a yatsana. Kafin mako biyu babu komai sai guntayen kara a yashi. Na fusata na tuge tushe uku na zubar. Na huɗun yana bayan dutse, hannuna bai kai ba, na bar shi. Bayan kusan wata guda, ina canza ruwa, sai ga wani ɗan ganye mai ruwan ƙasa, bai kai farce ba, ya leƙo daga wurin. Wannan tushe da na manta da shi, shi ne daga baya ya cika kusurwar tankin. Ukun da na zubar lafiyarsu ƙalau.

Saboda haka idan narkewa ta fara, aikinka biyu ne kawai. Yanke duk ganyen da ya yi laushi daga gindi, ka zuƙe ɓurɓushin da tiyo, domin ruɓaɓɓen ganye yana sakin amoniya, ita kuma tana cutar da kifi tana kiran gansakuka. Na biyu, ka cire hannunka. Kada ka tuge don ka duba saiwa, kada ka canza masa wuri wai ko can ya fi haske. Duk tugewa ɗaya tana karya ƙananan saiwoyin da suka fara kamawa, sai ya koma farko. Na san wani da yake matsar da Echinodorus ɗinsa duk ƙarshen mako, yana mamakin abin da ya hana shi girma.

Yaya za ka gane ya mutu da gaske? Sa yatsa ka ɗan danna gindin a inda yake. In da tauri, yana da rai, ko da babu ganye ko ɗaya. In ya lotse kamar ruɓaɓɓen abu, ya yi baƙi, yana wari, wannan ya tafi. Ga Anubias, idan gefe ɗaya na karan ne ya ruɓe, yanke shi da reza har ka kai wuri mai tauri, sauran zai iya tsira. Ni ba na yanke wa Cryptocoryne hukunci kafin mako shida.

Kuskuren da ke biyo baya shi ne ƙara haske da taki don a taimaka masa. Tsiron da ba shi da ganye mai aiki ba zai ci takin ba, gansakuka ce za ta ci. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: gilashi ya yi kore, sabon ganyen da ake jira ya fito ya tarar da gashi a kansa. A watan farko awa 6 na fitila a rana sun wadatar, daga baya ka kai 8. Sayi 'yar na'urar da ke kunnawa da kashewa da kanta, ba ta da tsada, kuma ta fi ka tuna lokaci. Tankin kada ya zauna inda rana ke dukansa. Anubias ma a inuwa ya fi so, sa shi ƙarƙashin itace ko a kusurwa.

Takin da na yarda da shi tun farko shi ne ƙwayar da ake turawa cikin yashi kusa da saiwar Cryptocoryne da Echinodorus, guda ɗaya ga kowane tushe. Na ruwa kuwa sai ka ga sabon ganye, kuma ka fara da rabin abin da aka rubuta a kwalba.

Sauran ba wuya. Canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk mako, ka sa maganin kashe kulorin in ruwan famfo ne, kuma zafin sabon ruwan ya yi kusa da na tsohon, domin canji na farat ɗaya yana iya sa Cryptocoryne ya sake narkewa. Zafin ruwa digiri 24 zuwa 27 na Celsius ya yi. Tukunyar da ke hura CO2 cikin ruwa tana gajarta wannan wahala sosai, amma ga tsirran da na lissafa ba dole ba ce. Masu dogon kara, idan sabon kai ya kai tsawon yatsa, yanke shi ka dasa, ka cire tsohon gindin da ya yi sanƙo. Kada ka yi mamaki in sabon ganye bai yi kama da tsohon ba: Echinodorus da ka saya da faffaɗan ganye zai fitar da dogo siriri kamar takobi. Goldfish kuwa, in shi kake kiwo, tsaya a kan Anubias da Java fern, sauran tona su zai yi ya cinye.