Yadda ɗan jarida zai karɓi takardun gwamnati ta Dokar 'Yancin Samun Bayanai

Tun ranar 28 ga Mayu, 2011 da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a wannan doka, kowa a Najeriya na da ikon neman takardun ma'aikatar gwamnati, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Ta shafi har kamfanoni masu zaman kansu da ke aiki da kuɗin jama'a. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ta Abuja ce, amma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kansu su ma.

Wasu buƙatun tun wajen rubutu suke mutuwa. In ka rubuta "ina son bayani kan ayyukan lafiya", ka ba su ƙofar kuɓuta, sai su aiko maka da jawabin kwamishina. Takarda za ka nema, ba ra'ayi ba. Ka ce: kwafin takardar ba da kwangilar gyaran asibiti kaza, sunan kamfanin da aka bai wa, adadin kuɗin da aka amince, abin da aka biya zuwa yau da ranakun biyan. Ka sa wa kowane abu lamba, kada su wuce biyar ko shida. Wasiƙar ta tafi ga shugaban ma'aikatar, ka ambaci sunan dokar a samanta, ka sa adireshi da lambar waya.

Ka kai kwafi biyu da hannunka zuwa ofishin karɓar wasiƙu. A buga wa naka hatimi, a rubuta kwanan wata, mai karɓa ya sa hannu. Wannan kwafin shi ne hujjarka; in babu shi, za a ce wasiƙar ba ta taɓa isowa ba, kuma ba ka da ta cewa. Wanda bai iya rubutu ba zai iya wakilta wani, ko ya faɗa da baki jami'i ya rubuta masa.

Daga ranar karɓa suna da kwana 7. Za su iya ƙara wasu 7 idan takardun na da yawa, amma sai sun sanar da kai a rubuce. Kuɗin kwafa kaɗai doka ta yarda ka biya, kuma ka karɓi rasit.

Za su iya ƙin bayarwa kan tsaron ƙasa, binciken da ke gudana, sirrin mutum ko sirrin kasuwanci. Sai dai dole su rubuta maka sashen da suka dogara da shi. Kuma idan shafi ɗaya ne ke da sirri, shi za a cire a ba ka saura, abin da jami'ai ba su cika son a tuna musu ba.

Shiru ma ƙi ne a wurin doka. Daga nan kana da kwana 30 ka garzaya babbar kotu, ta jiha ko ta tarayya, don haka kada "ka dawo gobe, oga ba ya nan" ya cinye maka kwanakin. A kotu ma'aikatar ce za ta kawo hujjar hanawa, ba kai ba. In aka tabbatar ta hana ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 ce, jami'in da ya lalata ko ya sauya takarda da gangan kuwa ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ke jiransa.