Yadda na magance baƙin gindin tumatir a buhu

Tumatir ɗin da ake shukawa a buhu a tsakar gida yakan yi baƙin tabo a gindin 'ya'yansa lokacin bazara, wurin ya lotsa ya bushe kamar fata. Maƙwabciyata ce ta hana ni sayen maganin feshi, ta ce ba ƙwari ba ne, rashin tsarin ban ruwa ne. Idan ƙasa ta bushe ƙayau sannan aka kwarara mata ruwa, sinadarin kalsiyam ba ya isa ga ɗan tumatir yayin da yake girma.

Na tsinke masu tabon duka, don ba sa warkewa. Kowane buhu na koma ba shi lita 2 da sassafe, lita 2 da yamma, a gindin shukar, ba kan ganye ba. Na rufe ƙasar da ƙaiƙayi kaurin yatsa uku don ta riƙe danshi, na huda ƙasan buhun kada ruwa ya kwanta. Takin yuriya kuma na daina zubawa, ganye take ƙarawa, ganyen ya janye kalsiyam ɗin. Ɓawon ƙwai da wasu ke barbaɗawa don samar da kalsiyam yana daɗewa bai narke ba, kada a dogara da shi. 'Ya'yan da suka biyo baya sun fito lafiya lau.